Laifin Mushe na Biyar

Har yanzu in na ji ƙarar usur, ko da na ɗan sandan da ke tsayar da motoci ne a bakin tasha, sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Matata ta ce in bar abin haka nan, wasa ne kuma ya wuce. Ita ke ganin wasa ne. Ni na yi shekara talatin da ɗoriya ina buga basket, ƙwallon kwando, a kan simintin nan guda ɗaya tilo da muke da shi a Dakoro, kuma ban taɓa jin an ci mini mutunci a fili ba sai shekarar da aka rataya wa wani yaro usur a wuya aka ce wai shi ne arbit, alƙalin wasanmu.

Mu takwas ne a ekip ɗin, wato ƙungiyarmu, ƙaraminmu ya ba arba'in baya. Ni aikina allurar dabbobi, rabin shekara ina daji tsakanin Azagor da Bader Goula ina kokawa da shanun mutane, shi ya sa har lokacin da sauran ƙarfi a kafaɗata. Akwai tela, wanda ya ɗinka mana mayo, rigunan wasa, tumbinsa kan riga shi shiga fili. Akwai dogonmu, Buzu ne dillalin raƙuma, wanda ba ya tsalle ko kaɗan, wai Allah ya riga ya ɗaga shi, mi zai ƙara. Sai kuma kapitan ɗinmu, malamin wasanni da ya koya mana basket tun muna koleji. Ya ajiye aiki, ya haura sittin, gwiwarsa ta hagu kullum naɗe da ƙyalle. Furfura ta cika mana gemu, wasunmu da jikoki, amma ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna sai Mushe, yadda muke kiran malamin makaranta da faransanci. Samarin garin duk ƙwallon ƙafa ta kwashe su, ƴan kaɗan da suka iya basket kuwa da sun gama lise, babbar sakandare, sai Maradi ko Yamai. Don haka in gasar jaha ta zo, Dakoro ba ta da wanda za ta tura sai mu tsofaffi.

Akwai wata al'ada tamu da in ba a san ta ba ba za a gane ɓacin raina ba. A Dakoro ba mu taɓa samun arbit ba, ina za mu same shi? A tsohuwar dokar wasa, in arbit ya busa maka fot, wato ka bugi mutum ko ka ture shi, sai ka ɗaga hannu don masu rubutu a tebur su san kai ne. Mu ba arbit, ba tebur. Sai Mushe ya juya abin: in ka yi fot, kai da kanka za ka ɗaga hannu, wasa ya tsaya, a ba abokin karawarka ƙwallo. Wanda aka buga ba shi da bakin magana. Muna yara, wanda duk ya yi fot ya ƙi ɗaga hannu, sati guda zai yi yana share rairayin filin shi kaɗai, sauran na zaune suna yi masa sannu. Shekara talatin ana haka, abin ya bar kai ya shiga jijiya. Hannun kan tashi tun kafin mutum ya yi tunani. Tela ya taɓa taka ƙafar wani dattijo a ƙofar masallacin Juma'a, sai gani muka yi ya ɗaga hannu sama a tsakiyar jama'a, dattijon na ta kallonsa bai san mi ake ciki ba.

A farkon gasar wannan shekarar, wata la'asar bayan mun gama motsa jiki, Mushe ya zauna yana kwance ƙyallen gwiwarsa ya ce mana wannan ce ta ƙarshe. Likita a Maradi ya gaya masa gaskiya a kan gwiwar, ƙannensa kuma sun daɗe suna kiransa ya koma gonar gado can ƙauyensu a bayan Kornaka. Ranar da aka fitar da mu daga gasa, ranar zai fara ɗaure kaya. Abu ɗaya ya roƙe mu: duk yadda ta kasance, kada mu zaunar da shi a ƙarshen wasansa na ƙarshe. Yana so usur ɗin tashi ya same shi a tsaye cikin fili, ba a kan benci ba. Muka yi dariya muka ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni dai dariyar baki kawai na yi. Tun ina shekara goma sha uku nake ganin mutumin nan kusan kowace la'asar, ya halarci sunan ƴaƴana duka, kuma na san in ya tafi ekip ta watse. Ban shirya ba, kuma na ƙudura a raina sai na ja gasar nan iyakar tsawonta.

Muka kuwa ja ta. Ba mu da gudu, ba mu da tsalle, amma mun san juna kamar ƴan ɗaki ɗaya. Ƙwallo kan zagaya hannu biyar kafin yaran su gane inda take, Mushe ya tsaya a kusurwarsa ya jefa da hannu biyu irin na da, ta shige. Haka muka lallaɓa har dimi-final, wasan kusa da na ƙarshe. Aka haɗa mu da wata ekip ta ɗalibai a Maradi, wasa biyu, ɗaya a can ɗaya a gidanmu, a haɗa makin duka, wanda ya fi yawa ya wuce.

A wasan Maradi na fara ganin arbit ɗin. Bai fi shekara talatin ba, takalmi sabo fil, ga ladabi kamar gaske, ya zo ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya yana Baba kaza Baba kaza. Na ce a raina wannan ɗan mutunci ne. Ba a yi minti biyar da farawa ba dogonmu ya gogi kafaɗar wani yaro, gugar da ko ƙuda ba za ta kora ba, hannunsa ya tashi. Arbit yana can yana kallon wani wuri, ya waiwayo ya ga hannu a sama, sai ya busa. Aka jima tela ya yi nasa, ya busa. Na yi nawa, ya busa. Wallahi ina kallon fuskarsa lokacin da ya gane. Murmushi ya yi, irin na wanda ya tsinci abu a hanya.

Daga nan ya daina gudu. Ya samu wurin da inuwar bango ta sauka a gefen fili ya tsaya, ya daina kallon wasa, hannuwanmu kawai yake kallo. Hannu ya tashi, ya busa. Hannu bai tashi ba, ba abin da ya faru a duniya. Su kuwa yaran, wa ya koya musu ɗaga hannu? Suka ga ƙofa a buɗe. Su ja mayo, su taka ƙafa, su sa gwiwar hannu a haƙarƙari. Wani ɗan tsugul ya fasa mini leɓe, jini na zuba a kan mayon da tela ya ɓata dare biyu yana ɗinkawa. Na je na nuna wa arbit bakina, ya leƙa ya ce shi bai gani ba. Na ce to namu fa, ya aka yi yake ganinsu duka? Ya ce ai mu da kanmu muke faɗa. Na gaya masa abin da ya zo bakina, wanda ba zan rubuta a nan ba, ya ƙara mini wani fot ɗin na rashin kunya. A basket in ka cika fot biyar an fitar da kai ke nan. Kafin a tashi dogonmu da tela suna benci, muka dawo gida an fi mu da maki shida.

Don Allah a duba mini wannan. Mutum an ba shi aiki ɗaya tak, ya buɗe ido ya ga abin da ke faruwa. Ya samu tsofaffi masu gaskiya, sai ya ɗora musu aikinsa ya koma inuwa. Da ma ƴan wancan ɓangaren yake so, da na gane, son kai halin ɗan Adam ne. Wannan ba son kowa yake ba, lalaci ne tsagwaronsa, kuma lalacin da gaskiyarmu yake ci. Tun daga Maradi har muka shigo Dakoro ban rufe baki ba a cikin mota, har mai motar ya ce in ban yi shiru ba zai sauke ni a Kornaka in ƙarasa a amalanke.

Muka aika wa masu shirya gasa kokenmu a canza mana shi. Amsar da ta dawo ita ce shi aka rubuta wa wasannin biyu, kuma ba wanda ya taɓa kuka da shi sai mu. Ai dole, wa ke ɗaga masa hannu in ba mu ba?

A tsakiyar satin muka taru a shagon tela bayan la'asar, ana dafa shayi. Na miƙe tsaye na ce magana ɗaya ce: ranar Asabar, minti arba'in kacal, kowa ya riƙe hannunsa. Ba ƙarya za mu yi ba, ba rantsuwa aka sa mu ba, barin arbit za mu yi ya yi aikin da aka turo shi. Dogonmu ya ce shi sai dai a ɗaure masa nasa da igiyar raƙumi. Tela ya ce zai iya ɗinka mana aljihu a wando mu riƙa cusa hannu. Aka yi ta dariya, amma kowa ya yarda. Mushe kuwa yana ta juya kofin shayinsa. Na matsa masa.

"Mushe, da gaskiyarmu ake cinmu."

"Na gani," ya ce. "To in shi bai iya aikinshi ba, sai mu ma mu kwance namu?"

Na ce don shi nake faɗa, in muka faɗi ranar Asabar shi ke nan ya tafi. Ya ce ya sani, kuma shi ba zai tsaya yana ba masu jikoki umarni ba, kowa ya yi abin da ya ga ya dace. Raina ya ɓaci ƙwarai da wannan amsar, na bar shayina ban sha ba. Kwana biyun da suka rage na yi su ina koya wa kaina wata dabara: da na ji na taɓa mutum sai in damƙe bakin wandona da hannu biyu. A gida ma na yi ta gwadawa, har matata ta tambaye ni ko tazugen ne ya tsinke.

Ranar Asabar Dakoro ta fito. Ban taɓa ganin mutane haka a filin nan ba, wasu kan katanga, wasu tsaye kan amalanke, har mutanen da ba su san ta wane gefe ake jefa ƙwallon ba. Tun da hantsi muka share rairayi da kanmu. Zafi kuwa ba a magana, simintin na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Yaran Maradi ba su saba da shi ba, kuma ba su san wurin da ya tsage kusa da kwandon gabas ba, inda ƙwallo kan karkace in ta faɗa. Mu mun san tsagar tun tana ƙarama.

Shirin riƙe hannu kuwa tun minti na uku ya rushe. Tela ya ture wani, hannunsa ya tashi, ya tuna, sai ya mayar da shi kan ƙeya wai susa yake. Arbit ya busa yana dariya. Dogonmu ko ƙoƙari bai yi ba. Shi kuwa arbit ya sake samun inuwarsa, ta bishiyar dogon yaro da ke gefen fili, ya kafe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fot ɗin Mushe na uku. Ƙwallo na hannuna, Mushe ya zame ya tsaya a kusurwarsa ba kowa kusa da shi, ya ɗaga hannu yana neman in ba shi. Sai usur. Wai fot. Haba, jama'a! Mutumin da ke tsaye shi kaɗai, iska ya buga? Filin ya ɗauki ihu, arbit ya gane ya yi kuskure, amma girman kai ya hana shi janyewa, ya ce wai ya ture wani tun kafin ya zame. Mushe ya ja ƙafarsa ya koma baya. Na huɗun shi ya ɗaga da kansa, a farkon zubi na ƙarshe na wasan, don ya riƙe mayon wani yaro da ya wuce shi.

Muka zaunar da shi don mu adana shi, sai da ya rage minti uku muka mayar da shi. Yana shiga ya jefa biyu a jere daga kusurwa, garin ya kusa tsagewa. Saura ƴan daƙiƙu a tashi muna gaba da maki bakwai. In an haɗa da na Maradi, mun wuce da ɗaya. Ɗaya tak. Har ina ganin wani satin, wasan ƙarshe, Mushe bai ɗaure kaya ba.

Sai mai lamba bakwai ɗinsu, wanda ya fi damunmu tun Maradi, ya karɓi ƙwallo ya kutso ƙarƙashin kwando. Muka rufe shi, mu uku su biyu, jiki ya cakuɗe. Ya tashi zai jefa. Na san ba zan kai ga ƙwallon ba, tsallena ya ƙare tun shekara goma da suka wuce. Sai na sauke masa hannuna a damtse da dukan ƙarfin da nake kayar da bijimi. Ƙarar ta fita tas, har bayan katanga an ji. Ƙwallo ta fita waje, wasa ya tsaya, saura daƙiƙa biyu. Na damƙe bakin wandona da hannu biyu, hannun dama yana son tashi, na danne shi. Arbit na tsaye usur a baki, idonsa cikin nawa, bai busa ba. Na ce a raina shi ke nan, mun wuce.

Sai na ji usur. Na waiwaya, ga Mushe a bayan kafaɗata, hannunsa a sama, miƙe sosai yadda ya koya mana muna yara. Ko rigar yaron bai taɓa ba. Arbit ya taka zuwa tebur ya nuna lambar Mushe da yatsu, ya ce na biyar. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ihun jama'a ya riga ya tashi, kuma ban ƙara ƙoƙari ba. Mushe ya ja gwiwarsa a hankali ya ratsa filin, ya zauna a ƙarshen benci ya ɗora hannuwansa a cinya. Aka ba yaron jifa biyu, kowace maki ɗaya, ya tsaya a layi, shatin yatsuna huɗu a damtsensa, ya jefa ta farko ta shiga, ya jefa ta biyu ta shiga. Daƙiƙa biyun da suka rage ba mu yi komai da su ba. Usur ɗin tashi ya samu Mushe a zaune.

Sai da jandarmomi biyu suka raka arbit zuwa mota, don mutane sun yi kansa. Na kutsa na cim masa yana shirin rufe ƙofa. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ya ga Mushe ya taɓa yaron nan? Ya dube ni, ba tsoro ba kunya, ya sauke murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, na ga wanda ya taɓa shi. Jiran shi na yi."

Jira! Wa ya aike shi jira? In ya gani, mi ya hana shi busawa? Ina da fot uku lokacin. Da ya yi aikinsa ya busa a kaina, yaron zai jefa biyunsa, za a fitar da mu kamar yadda aka fitar da mu, amma Mushe zai ƙare a tsaye, abu ɗaya da ya roƙa a shekara talatin. Ya gani da idonsa, ya san ba tsohon ba ne, ya je ya rubuta masa. Wannan ba zan taɓa yafe masa ba. Na kuma san sarai akwai wani mutum guda da shi ma da ya yi abin da ya saba yi, da haka ɗin za ta kasance, kuma wannan mutumin da shi nake kwana nake tashi.

Ran Talata na je taya Mushe loda kaya. Ba su da yawa, katifa, akwatuna biyu, buhunan hatsi, tukwanen matarsa. Muna ɗaure igiya, shi ta can gefen mota ni ta nan, na ce masa ba shi ba ne ya bugi yaron. Ya ce ya sani, ai yana bayana.

"To don mi, Mushe?"

"Duk Dakoro ta ji ƙarar nan. Ba zan bari yaran mutane su koma gida su ce a filina aka yi musu haka ba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in ja igiyar da kyau, ƙullin da na yi ba zai kai Kornaka ba. Na kwance na sake ɗaurawa. Ya yi sallama da maƙwabta, ya ba ni hannu kamar kullum, ya shiga gaban mota.

Ekip ba ta kai damina ba. Mun fito sau uku ko huɗu, ba wanda ya san wa zai ce a fara, sai kowa ya kama gabansa. Amma maganar wasan ba ta mutu ba. Wani ya ɗauka da waya daga kan katanga, hoton ba ya nuna komai sai bayan mutane a cunkushe da hannun Mushe a sama. Mutanen gari sun tsaya a kan cewa ƙwallo yake nema ko lokacin hutu yake roƙo, azzalumin arbit ya sake yi masa irin ta farko. Duk sa'ad da aka tada zancen a shagon tela, muryata ce ke fin ta kowa tashi, in zagi arbit ɗin tun daga takalminsa har inuwar da ya tsaya, kuma ba na ƙara masa ko ɗaya da bai cancanta ba. In akwai baƙo a wurin, tela kan nuna ni ya ce wannan shi ne kusa, ya gani da idonsa, faɗa masa, Mushe ya taɓa yaron nan? Sai in ce wallahi tallahi bai taɓa shi ba. Rantsuwata gaskiya ce. Daga nan nake yin shiru in miƙa hannu a zuba mini shayi.